"Kawu, an cuce ni": yadda muka yi da RX 580 a tsohuwar kwamfuta a Aboabo

Ranar wata Talata ce, ana gab da kiran magariba ina tattara kayan aiki zan rufe shago, sai ga pragya, wato babur mai ƙafa uku, ta tsaya a bakin ƙofa, ɗan yayata ya sauko rungume da kwamfuta kamar mai kai yaro asibiti, mai pragyar na biye da shi da monita, wayoyi suna jan ƙasa. Ko sallama bai ƙarasa ba ya ce "Kawu, an cuce ni." Na ce to ajiye mu yi salla tukuna, wanda ya cuce ka ba zai bar ƙasar ba kafin mu idar.

Yaron sana'arsa ɗaukar bidiyo ne da haɗawa, bikin aure, suna, walimar saukar karatu, Maulidi, duk abin da ya samu daga Aboabo zuwa Asawase har Tafo, duk a nan Kumasi. Kuma kun san Disamba a zango, kusan kowace Lahadi akwai ɗaurin aure, wata Lahadin ma biyu. Kwamfutar da yake aiki da ita ni na haɗa masa shekarun baya da kayan hom-yus, wato na hannu: furosesa i5-3470 wanda ya fito tun 2012, madabod H61, ram DDR3 8GB, sai SSD da na ƙara masa daga baya. Ba ta da katin girafik ko ɗaya, ɗan HD 2500 ɗin da ke cikin furosesa shi ke fitar da hoto, monitar kuma irin tsofaffin nan ne da ramin VGA kaɗai gare su, mai shuɗin kai ɗin nan.

Da farko tana yi masa aiki daidai gwargwado. Abin ya fara lalacewa ne da dangin amarya suka koma turo masa bidiyon da suka ɗauka da wayoyinsu su ce a sa a ciki, mafi yawa 4K, kuma a tsarin H.265 wanda iPhone ta koma kai tun 2017. Furosesan 2012 bai san wannan tsarin ba, ba a gina masa sashen warware shi ba, sai dai ya yi da ƙarfin tuwo, shi ya sa in ya danna bidiyo a manhajar haɗawa sai ya riƙa tafiya kamar motar haya ta trotro a cunkoson Kejetia. To tunaninsa na sayen kati ba laifi ba ne, RX 580, katin girafik na kamfanin AMD, tana warware H.265 da kanta. Inda ya yi kuskure bai tambayi kowa ba. Ya ga wani a Akra yana sayar da RX 580 mai 8GB a farashi mai daɗi, mutumin ya turo masa bidiyo a WhatsApp katin na aiki, ya tura kuɗi ta momo a waya, aka sako masa a mota ya je tasha ya karɓa. Dare uku yana fama shi kaɗai a ɗaki don kar in ji in yi faɗa.

Bayan salla na buɗe akwatin. Abin da na fara gani, ya cire kejin da ake ɗaura hadis (hard disk) ya jefar saboda katin ya fi wurin tsawo, SSD ɗin na lilo a jikin wayarsa. Na biyu, filogin katin mai fil 8 ba daga pawa saplai ya fito kai tsaye ba, wata 'yar adafta ce da ake soka wa a wayar SATA. Na gan ta, raina bai so ba, na ce masa wannan za mu dawo kanta, amma tunda kuka ɗaya yake yi, wato baƙin sikirin, na ce mu fara da shi. Ku riƙe wannan wurin, don nan ni ma na yi nawa sakacin.

Na ce nuna min yadda ka haɗa monita. Ya ce daren farko a ramin VGA na madabod ya bar wayar inda take tun da, ba hoto. Wannan ba abin mamaki ba ne, yawancin madabod da zarar sun ga kati a ramin PCIe sai su kashe na cikin furosesa su miƙa wa baƙon ragama, wayar ka kuma tana can tana jiran hoto a gidan da aka tashi. Da wani abokinsa ya gaya masa haka sai ya duba bayan katin, ba VGA, akwai DVI ɗaya, HDMI da DisplayPort. Sai ya ɗauko tsohuwar adaftar DVI zuwa VGA da ke cikin durowa, ta ƙi shiga. Ya duba ya ga wasu fil huɗu da suka kewaye faffaɗan fil ɗin gefe su ne ba su da rami a jikin katin, sai ya sa filaya ya ɓalle su. Ya ciro ta daga aljihu ya nuna min, wallahi sai da na zauna don dariya. Waɗannan fil huɗun su ne kaɗai dalilin da aka ƙera adaftar, ta nan hoton analog yake bi ya je VGA. Kamar ka sayi akuya don nono ne ka ga ta ƙi shiga ƙofa sai ka yanke hantsar. Kuma duk da haka ba ta shiga ba, don faffaɗan fil ɗin nata ya fi ramin faɗi. Washegari ya sayo wata a bakin titi wadda ta shiga lafiya lau, amma ita ma shiru.

Ga maganar a taƙaice. DVI iri-iri ne, DVI-I yana ɗauke da dijital da analog tare, DVI-D dijital zalla. Katunan AMD daga RX 400 zuwa sama da na Nvidia daga GTX 10 zuwa sama sun daina fitar da analog kwata-kwata, don haka duk adaftar da waya ce kawai a ciki ba wani cif, ko ta shiga ramin ba abin da za ta ɗauko, ba ruwa a rijiyar. Abin da ake so shi ne konbata mai cif a ciki, HDMI zuwa VGA, mai juya hoton da kanta. Ban da ita a shago a daren, sai na jawo 'yar talabijin ɗin da nake kallon ƙwallo da ita na soka HDMI, na kunna. Tambarin madabod ya fito ɓaro-ɓaro. Yaron ya yi tsit, ya zaro waya yana kallon doguwar muryar zagi da ya riga ya tura wa mutumin Akra tun da rana.

Windows ya buɗe amma komai manya-manya, alamar ba direba, wato manhajar da ke sa Windows ya iya aiki da katin. Muka je sauko da direban AMD burauza ta ƙi buɗe shafin, wai takardar tsaro ba ta yi ba. Na kalli agogon ƙasa, kwamfuta ta koma shekarar da aka ƙera ta. Batirin madabod ne, CR2032, ya mutu tun tuni ba a sani ba saboda kullum tana jone da wuta, sai yanzu da aka yi ta cire filogi asirinsa ya tonu. Na canza, na gyara kwanan wata, minti biyu.

Direba ya shiga, muka sake kunnawa, hoto bai canza ba. A Device Manager katin na ɗauke da alamar nan mai ruwan ɗorawa, Code 43, wato Windows ya tsayar da shi don ya ga matsala. Nan yaron ya sake miƙewa, "Kawu ka gani ko, na gaya maka jabu ne." Ni ma a raina na ɗan yi zargin haka, don kasuwa cike take da katunan da aka canza wa suna. Wanda ya fi yawa shi ne GTX 1050 Ti na ƙarya, tsohon GTS 450 ne ake sauya wa BIOS, 'yar manhajar da ke cikin katin kansa, ya riƙa faɗin sunan da ba nasa ba, kuma in ka ga 1050 Ti da ramin VGA a baya ba sai ka kunna ba ma, ka ajiye musu abinsu. A ɓangaren RX 580 kuma akwai wanda ake kira 2048SP da aka yi don kasuwar China, suna dai 580 amma ƙarfinsa na RX 570 ne. Na buɗe GPU-Z, manhajar da ke faɗin abin da ke cikin kati, ya nuna sheda (shaders) 2304, 8GB GDDR5, 256 bit. Na gaske ne, ba ko tantama.

Na shiga Safe Mode na share duk wani tsohon direba da manhajar DDU, na sake sawa tsaf, Code 43 na nan daram. To nan na san inda gizo ke saƙa. RX 580 ta fito a Afrilun 2017, daidai lokacin da masu haƙar kuɗin kirifto suka yi wa irin waɗannan katunan wawa, suna jera su goma-goma a kan katako suna haƙar Ethereum dare da rana. Don su ƙara gudun haƙar sai su gyara BIOS ɗin katin, su taɓa lissafin memori. Direban AMD kuma yana duba sa hannun da ke jikin BIOS, in ya ga an taɓa sai ya ƙi karɓar katin, Windows ya buga maka 43. Ranar 15 ga Satumba 2022 Ethereum ta daina amfani da haƙa, washegari waɗannan katunan ba su da aikin yi, aka yi ta zubar da su kasuwa da araha, har suka biyo kwantena suka iso mana. Mai sayarwa ba lallai ya sani ba ma, ko kuma kwamfutar da ya gwada a kai an yi wa direbanta facin da ke tsallake binciken, shi ya sa bidiyonsa ya nuna yana aiki.

Hanya uku ce a gabana. Ko in yi wa direba wancan facin, wanda sai ka maimaita duk lokacin da direba ya sabunta, kuma na san yaron nan ba zai tuna ba, zai bugo min waya ƙarfe biyun dare. Ko in nemo BIOS na asali in rubuta a kan katin, wanda na sha yi amma ba na so in yi shi ba tare da UPS mai riƙe wuta ba, don in dumso, wato ɗaukewar wuta, ya same ka a tsakiyar rubutu katin ya zama tubali sai an sha wahala. Kafin waɗannan biyun sai na kashe kwamfuta na haska tocilan a gefen katin na sama, kusa da filogin wuta, ina addu'a a raina. Ga shi nan kuwa, wani ɗan makunni ƙarami da bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba, ƙura ta rufe shi. Wasu kamfanonin suna sa BIOS biyu a kati ɗaya, kuma masu haƙa yawanci ɗaya suke taɓawa su bar ɗayan. Na tura shi da bakin tsinken sakace, na kunna. Sikirin ya ɗan ɗauke ya dawo, rubutu ya koma ƙanana tsaf, alamar ruwan ɗorawa ta ɓace.

Lokacin har an yi isha'i, murna ta ɗebe mu. Na juya ina amsa gaisuwar maƙwabcina mai gyaran waya da ya leƙo, yaron ya buɗe aikin bikin da ake jiransa da shi ya danna fitar da bidiyo. Na ji fankokin katin sun ɗauka, kafin in buɗe baki in ce tsaya, ɗif, komai ya mutu. Ya ce "an ɗauke wuta." Na ɗaga kai, fankar silin na juyawa abinta, ƙwan shago na ci. Sai wani wari ya taso, warin robar da ta sha wuta. Na zare filogin bango na taɓa 'yar adaftar SATA ɗin nan sai da na janye yatsa, bakinta baƙi ya yi laushi kamar cingam, fil ɗaya ya canza launi. Laifina ne wannan, na gan ta tun farko, ya kamata in cire ta kafin direba ya shiga, don muddin ba direba katin barci yake ba ya jan wuta, da direba ya zauna kuma ya farka da yunwarsa.

Lissafin ba wuya. Ramin PCIe na madabod yana ba da wat 75. Filogi mai fil 6 wat 75, mai fil 8 wat 150. RX 580 tana cin wat 185 in ta ɗau aiki, mafi yawansa ta wannan filogin mai fil 8. Shi kuwa filogin SATA an yi shi ne don hadis, iyakarsa a layin 12V wat 54. Kenan kusan ninki uku na abin da zai iya ake ɗora masa, ta cikin fil uku sirara kamar gashi. Allah ne ya sa pawar ta kashe kanta, da yana ɗakinsa ya danna ya tafi sayen koko da ƙosai wata maganar ake yi yanzu.

Na kwance pawa saplai ɗin na ɗaga, ba nauyi, kamar gwangwanin Milo da aka shanye. Ba ni na sa masa ita ba, tawa ta mutu bara ya canza da kansa. A jiki an rubuta 500W da manyan baƙaƙe, ba sunan kamfanin kirki. Na ce karanta min ƙananan rubutun, layin +12V nawa ne? Ya ce 18A. Na ce buga 12 sau 18. Ya buga a waya, 216. Na ce to katinka 185, furosesa 77, nawa kenan? Ya ce 262, ban da fanka da SSD. Ya yi shiru. Wannan babban lambar da ake bugawa a jikin pawa mai araha galibi tara-tara ce, an haɗa da layin 5V da 3.3V waɗanda kwamfutar yanzu ba ta cika dogaro da su ba, kati da furosesa duk a 12V suke sha. Ni dai ba na kallon babbar lamba, wannan layin nake nema, kuma in pawa ba ta zo da filogin katin girafik nata na kanta ba to ta riga ta gaya maka ba a yi ta don wannan aikin ba.

Washegari muka sauka Adum. Shago huɗu muka shiga ina juya pawa ina karanta gefe, masu shago na kallona kamar mai neman aibu a jikin amarya, har muka samu hom-yus ta kamfani sananne, 550W, layin 12V ɗinta ya haura 40A, da filogi 6+2 guda biyu, ga nauyi a hannu. Mun yi sa'a madabod ɗinsa na gama-gari ne mai fil 24, don wasu kwamfutocin ofis na Dell da HP filogin wutarsu daban ne, ba kowace pawa ke shiga ba sai da wata dabara. Na kuma duba bayanta ko tana da ɗan jan makunnin nan na 115 da 230, saboda kayan da suka fito daga Amurka wani lokacin a 115 suke zuwa, wutarmu kuwa 230 ce, ka jona a haka sai dai ka ji fas. Wannan ba ta da shi, mai daidaita kanta ce. Muka haɗa da konbatar HDMI zuwa VGA da fanka ɗaya ta gaban akwati. A mota yana lissafi yana tsaki, kuɗin da ya ce ya tsira da shi a kan katin duk ya tafi, har da ɗori.

Da muka haɗa komai na sa FurMark, manhajar da ke ɗora wa kati aiki mai nauyi, ina kallon zafi. Kwamfuta ba ta mutu ba, amma cikin 'yan mintoci katin ya haura digiri 85 yana neman 90, fankoki na ihu kamar injin niƙa, gudunsa na sauka da kansa don ya tsira. Na kwance sukurori huɗun baya na ɗaga ƙarfen sanyayawa. Man da ke kan cif ɗin ya bushe ya tsattsage kamar ƙanzo a gindin tukunya, sai da na jiƙa da sifirit kafin ya fita, tsakanin ƙarafunan kuma ƙura ta dunƙule ta zama kamar auduga, wata ta can inda ya fito wata ta hunturunmu. Na hure da bulowa ina riƙe da fankar da yatsa kar ta yi ta juyawa a banza, na shafa sabon mai, na lallaɓa 'yan katifun da ke kan memori na mayar da su yadda suke don ba ni da wasu. Sannan a manhajar AMD na rage masa iyakar wuta kaɗan. Ya dawo yana zama wajen digiri 73 zuwa 75 da akwati a rufe, a ɗakin da ba AC. Ragin wutar nan ban ga ya taɓa aikin bidiyo ba, mitar firifed ɗinsa kuma za ta gode.

Sakamakon fa? Bidiyon waya na 4K yanzu yana tafiya sumul in yana yankawa, gyaran kala da yake jira ya ga sakamako yanzu nan take yake gani. Amma fitar da bidiyon ƙarshe bai yi saurin da ya yi mafarki ba, in ka buɗe Task Manager furosesa na manne a 100 katin na hutawa rabi, don i5-3470 kwakwalwa huɗu gare shi kuma ya ba shekara goma baya. Ram ma ta cika, na ce ya nemo 8GB biyu ya kai 16, iyakar abin da H61 ke ɗauka kenan, ramuka biyu ne kawai.

Da ya tambaye ni tun farko, da na ce ya nemi GTX 1050 Ti ko GTX 1650 irin waɗanda ba su da filogin wuta, wat 75 daga rami kawai, a soka a wuce. Da matsalar VGA na nan, amma ba ƙonewa ba Code 43. Shi kuma ya ce 4GB ne su, nasa 8, kuma yanzu yana da pawar da zai tafi da ita sabuwar kwamfuta. Ban musa masa ba don yana da gaskiya a nan, musamman da yake Windows 10 an daina tallafa masa tun 14 ga Oktoba 2025, furosesan nan kuma ba ya cikin jerin da Windows 11 ta amince da su, ko ba jima ko ba daɗe madabod da furosesa za su tafi, pawa da SSD da katin su ne za su bi shi.

Na sa shi ya kira mutumin Akra a gabana. Ya ba shi haƙuri kan zagin, sannan ya gaya masa maganar BIOS ɗin, mutumin ya rantse bai san da wani makunni ba, ya ce yana da sauran guda uku irinsa bari ya je ya duba. Bidiyon bikin ya kai wa masu shi ranar Juma'a, uwar amarya ta ce fuskarta ta yi duhu a wajen rawa, wannan kuma monitar VGA ɗin ce ke yi masa ƙaryar kala, na gaya masa, ya ce sai bayan Janairu. Fanka ɗaya ta katin, ta ɓangaren filogi, tana ɗan kaɗawa in ta tashi da sanyin safiya, na ce ya kawo in auna in nemo irinta a Adum. Sati uku kenan, jiya na hango shi a kan babur da kyamara a wuya ya ɗaga min hannu ya ce "Kawu, gobe insha Allahu."